Kafin ka biya kuɗin monita, bari idonka ya gwada ta

Mai sayen monita a wajenmu tambaya biyu yake yi: inci nawa ce, kuma nawa za a bari. In ya ƙara ta uku, to ko tana da ramin HDMI na jona ta da kwamfuta. Da wuya ka ji wanda ya tambayi irin gilashin da ke jikinta, alhali shi zai zuba wa ido tun hantsi har bayan isha'i. Ni sana'ata ke nan. Ina da shagon taifin da firintin da cike fom a wani gari tsakanin Ringim da Taura, kuma in sakamakon NECO ya fito ko aka buɗe ɗaukar aiki, sai in wuni ban ɗaga kai daga sikirin ba sai in kiran salla ya tashe ni. Saboda haka maganar tawa da masu irin aikina nake: mai shago, malamin makaranta mai shigar da makin ɗalibai, akawu, ɗalibi mai rubuta furojet. Masu buga gem lissafinsu daban ne, gudu suke nema, mu kuwa zaman lafiyar ido.

In ka cire tsofaffin nan masu ƙatuwar ƙeya, kusan duk monitocin da ke yawo a hannunmu LCD ne. Akwai fitila a baya, a gabanta kuma wani ruwa na musamman da aka matse tsakanin gilasai biyu aka raba shi ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo ko dai ya bar haske ya wuce ko ya tare shi. Kada rubutun LED da ke jikin kwali ya ruɗe ka, irin fitilar bayan kawai yake nufi. Yadda ruwan nan yake juyawa ya buɗe hanya ko ya rufe, shi ya raba su gida uku: TN da IPS da VA.

TN ce babbar yaya. Tun 1970 Martin Schadt da Wolfgang Helfrich suka yi rajistar fasaharta a Suwizalan, kuma har yau ita ce mafi araha, shi ya sa ta cika ofisoshi, daga ofisoshin kuma ta gangaro mana a matsayin ta hannu. Aibinta shi ne hoton yana bin inda kanka yake, kamar yadi mai ruwa biyu da launinsa ke sauyawa in an karkata shi. Ko kana zaune daram a gabanta za ka ga sama ya ɗan yi duhu, ƙasa ya kwaɗe. Ka buɗe Excel mai layuka masu launin toka mara kauri, sai na can ƙasa su nemi ɓacewa. Abin da wannan yake jawowa, kana kafe wuyanka wuri guda ba tare da ka sani ba, ko kana ta sunkuyawa kana ɗagowa kana neman inda rubutun zai fito, yamma na yi ka ji ƙeya da kafaɗa sun riƙe. Wanda yake kallonta daga ƙasa ya fi kowa shan wahala. Bencin baƙi a shagona ya fi kujerata gajarta, kuma lokacin da nake da ƙaramar TN akwai wani hedimasta da na ce ya duba mini ko sunayen ɗalibansa sun yi daidai. Ya gyara zaman tabarau, ya leƙo daga inda yake zaune, ya ce, "Malam, ko ka kashe ta ne? Ni fa duhu nake gani." Sai da ya miƙe ya tsaya a bayana sannan ya karanta. Dell E1916H da HP EliteDisplay E231 duk TN ne, kuma suna da yawa a kasuwa. Ban ce a guje su ko ta halin ƙaƙa ba. In ƙarama ce, inci 19, kai kaɗai kake aiki da ita kuma ka saita ta daidai da idonka, za ta yi. Amma TN mai inci 24 ko fiye, ni ko an rage mini kuɗi ba na ɗauka, don iya girmanta iya bambancin sama da ƙasa.

IPS kamfanin Hitachi na Japan ne ya fito da ita kasuwa a 1996, don maganin wannan matsala. Ka kalle ta daga gefe, daga sama, daga ƙasa, fari yana nan fari, ja yana nan ja. Ga mai shago wannan ba ƙaramin abu ba ne: kwastoma yana gefenka yana ganin abin da kake gani, kai ma kana iya jingina, ka gyara zama, ka miƙe ƙafa, hoton bai sauya ba. In kana gyaran hoton fasfo kuwa, launin fatar da ka gani ya fi kusa da wanda zai fito a takarda. Rauninta a baƙi yake. Bambancin farinta da baƙinta yawanci 1000:1 ne, wato baƙin ba ya kai wa baƙi ƙirin, kuma da dare a ɗaki mai duhu za ka ga kusurwoyinta suna wani ɗan haske-haske. Mai rubutu a farar takarda da rana ba ruwansa da wannan. Samsung suna kiran tasu PLS. Akwai kuma AHVA ta kamfanin AU Optronics, wadda duk da haruffan da ke ƙarshen sunanta 'yar gidan IPS ce.

VA ta zo ne a ƙarshen shekarun 1990, Fujitsu na cikin waɗanda suka fara. Ita baƙinta baƙi ne na gaske, bambancin yakan kai 3000:1, don haka ga mai kallon fim ko ƙwallo da dare ta fi IPS daɗi nesa ba kusa ba. Yawancin masu lanƙwasar nan da samari ke so VA ne. Abu biyu nake lura da su a jikinta. In ka matsa gefe launi yana ɗan kwaɗewa, ko da yake bai kai na TN ba. Sannan ɗigonta yana da nawa wajen fita daga baƙi, saboda haka in ka mai da shafi baƙi rubutu fari kana jan shi sama da ƙasa, sai ka ga haruffan suna jan jela suna dusashewa har sai ka tsaya. Wani bai damu ba, wani kuwa minti kaɗan kansa ya fara juyawa. Wannan sai ka gwada da idonka.

Akwai kuma OLED, wadda ba LCD ba ce: ba ta da fitilar baya, kowane ɗigo da haskensa. Kyau kam ba a magana, amma kuɗinta ba na shagon ƙauye ba ne, kuma abin da ya daɗe a wuri guda, irin layin ƙasan Windows da ke nan tun safe har dare, yana iya barin tabo a jikinta. Na wuce ta.

Ni dai in aka ce in zaɓa wa mai aikin rubutu, IPS zan ce, mai inci 22 zuwa 24. Sai dai sunan IPS shi kaɗai ba ya raba ka da ciwon kai, kuma a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu.

Babban abin da ke ɓoye shi ne ƙiftawar fitilar baya. Monitoci da yawa, musamman na farkon zuwan LED, in ka rage musu haske ba rage ƙarfin fitilar suke yi ba. Kashe ta suke yi suna kunnawa, sau ɗari biyu ko fiye a daƙiƙa guda, iya daɗewarta a kashe iya duhun da kake gani. Ana kiran wannan dabara PWM. Ido ba ya kama ta kai tsaye, kuma ba kowa take damu ba, amma wanda take damu zai gaya maka: nauyi a goshi, ido ya yi zafi, rubutu ya ƙi zama wuri guda. Abin haushin shi ne, sai ka rage haske don ka huta sannan take tsananta. Dell U2412M monita ce mai kyau, IPS ce, masu zane suna yabonta, amma tana wannan ƙiftawar. P2419H ta kamfanin guda ba ta yi. Ka ga ke nan ba a sunan kamfani ko irin gilashi abin yake ba, kowace da lambarta. A sababbi za ka ga an rubuta Flicker-Free a kwali, wani lokaci da tambarin TÜV Rheinland, kamfanin Jamus mai tantance kaya. Ta hannu kuwa ba kwali, sai gwaji.

Ga yadda nake yi in na shiga Kano sayayya, ko Beirut Road ko cikin Sabon Gari. Ina tafiya da biro, da wayata da data a ciki, da filash mai hotuna biyar: fari fat, baƙi ƙirin, ja, kore, shuɗi, kowanne ya cika sikirin, sai kuma wata doguwar takarda ta Word. Kafin a kunna komai ina juya monitar in karanta 'yar takardar da ke manne a bayanta. A nan lambarta take da watan da aka ƙera ta. Ka rubuta lambar a Google, za ka ga irin gilashinta. In ka ga 170/160 a wajen kusurwar kallo, TN ce. In 178/178 ne, to IPS ce ko VA, sai adadin bambancin fari da baƙi ya raba maka su. Kada ka dogara da bakin yaron shago. Ba lallai yana nufin cutarka ba, shi ma sau da yawa bai sani ba, duk wadda ka nuna zai ce, "Alhaji, wannan ai orijina ce."

In an kunna, ka sa farin hoton ka tsuguna ka kalle ta daga ƙasa. In ta yi duhu ko launi ya juye, TN ce, ko me aka ce maka. Sai ka shiga menu da maɓallan jikinta ka sauke haske zuwa 20 ko 30, don a 100 ko mai ƙiftawa ba ta nunawa. Ka riƙe biro ta gindi ka kaɗa shi da sauri a gaban farin sikirin. In ka ga inuwa guda mai laushi ta bazu, lafiya lau. In ka ga birai da yawa a jere, kowanne a rarrabe da ɗan'uwansa, fitilar tana ƙiftawa. Kyamarar waya ma tana tona ta: ka shiga wajen da ake saita ta da hannu, ka kai saurin ɗauka 1/1000 ko fiye, ka nuna sikirin. Baƙaƙen layuka masu gangarowa alamar ƙiftawa ce. 'Yan kasuwa za su tsaya suna kallonka kana kaɗa biro, wani ma ya yi dariya. Bar su, ba su za su zauna da ita ba.

Daga nan ka bi sauran hotunan ɗaya bayan ɗaya. Baƙin zai nuna maka ɗigon da ya maƙale yana haske da inda fitila ke yoyo ta gefe. Farin zai nuna mataccen ɗigo da tabon da danni ya bari, wanda ya yi yawa a kayan da aka jibge a kwantena. Ka kuma lura ko farin ya koma ruwan ɗorawa ko gefe guda ya fi ɗaya duhu. Wannan ya fi faruwa da tsofaffi masu fitilar CCFL, wato 'yan siraran dogayen ƙwayaye irin na da, waɗanda aka yi ta amfani da su kafin LED ta karɓe kasuwa bayan 2010. Za ka gane su da kauri da nauyi da zafin da bayansu ke ɗauka. Ga mu da muke kan sola da inbata akwai wani dalilin gudunsu: tsohuwar mai inci 22 tana iya shan wat 40, ta LED mai girmanta kuwa wajen rabin haka. Ƙwayayen kuma akwai sinadarin makuri a ciki, in ta mutu kada a bar yara su fasa ta suna wasa.

Fuskar gilashin ma abin dubawa ce. Ka kashe monitar ka kalle ta. In kana ganin fuskarka tar da hularka, mai sheƙi ce, kuma a shagon da ƙofarsa ke buɗe tana kallon titi, duk mai babur da ya gifta sai ya gifta a cikin rubutunka. Mara sheƙi ka nema. Yawancin na ofis irin Dell masu harafin P da HP EliteDisplay haka suke, ga shi ƙafarsu tana hawa tana sauka, abin da zai yi maka amfani in ka koma gida.

Sai maganar inci, inda aka fi yaudarar kai. Girma ba shi ne kyan rubutu ba, yawan ɗigo a kowane inci ne. Mai 1920 da 1080 in inci 22 ce, ɗigo kusan 100 ke cikin inci guda. A inci 24 ya sauko 92, a inci 27 ya koma 82, haruffa sun fara nuna haƙora a gefensu. In kana son 27 don aikin rubutu, nemi mai 2560 da 1440, wadda ke ba da 109. Mafi muni shi ne abin da na ga 'yan'uwa masu shago suna yi, su ɗauko talabijin filasma mai inci 32 su jona da kwamfuta wai ya fi girma. Da yawansu 1366 da 768 ne, ɗigo 49 kacal a inci, ga sheƙi ga haske mai kashe ido, an yi su ne don kallo daga ƙarshen ɗaki. Ka zauna kamu biyu daga gabansa kana taifin, kai da kanka ka nemo wa idonka wahala.

In ciniki ya faɗa, ka tabbata an haɗa maka da wayar wuta da ta dace. Wasu na LG da Samsung da adafta suke aiki, kuma ƙarfin wutarsu ba ɗaya ba ne. A motar Yankaba kuma kada ka yarda kwandasta ya kwantar da ita a but ƙarƙashin buhu. Ka naɗe ta da bargo ko kwali, ka riƙe ta a tsaye a cinyarka, gilashin yana kallon ƙirjinka.

A gida, fara da waya. In kwamfutar da monitar duka suna da HDMI ko DisplayPort ko DVI, yi amfani da shi. VGA, mai shuɗin kai da ƙusoshi biyu, tana aiki, amma in wayar ta araha ce ko ta yi tsawo sai rubutu ya yi inuwa. In dole ce ta sa, danna maɓallin Auto na jikin monitar ta daidaita kanta. A cikin Windows ka bar adadin ɗigo a kan wanda ya ce shi ya dace da ita. In rubutu ya yi maka ƙanana, kada ka rage wannan adadin, don dusashewa zai yi. Ƙara girman rubutun za ka yi zuwa kashi 125, sannan ka nemo ClearType, saitin Windows mai gyara fitowar haruffa, ka bi matakansa.

Haske kuwa, yawanci da shi a ƙure suke zuwa, saboda a yi kyau a kanti. Ka ɗauki farar takardar firintin ka riƙe kusa da farin shafin Word. In sikirin ya fi takardar haske sosai, rage. In takardar ta fi shi, ƙara. Saitin azahar ba zai yi maka bayan magariba ba, sai ka sake. Ni yatsana ya san maɓallin ko ban duba ba. Kuma kada ka kashe ƙwan ɗaki don tattalin batir ka bar sikirin shi kaɗai a duhu. Ƙaramin ƙwan sola mai wat 3 ko 5 a bayan monitar, yana haska bango, ya wadatar.

Ƙofa ko taga ta kasance a gefenka. In tana bayanka za ta faɗo cikin gilashin, in tana bayan monitar kuma idonka zai yi ta kokawa da hasken rana. Ka miƙa hannu, yatsunka su kusa taɓa sikirin, tazarar ke nan, wajen santimita 50 zuwa 70. Bakin samanta ya yi daidai da idonka ko ya ɗan yi ƙasa, yadda za ka riƙa kallonta kana ɗan sunkuyar da ido. Wannan yana sa fatar ido ta rufe wani sashe, ruwan idon bai bushe da wuri ba.

Bushewar nan ita ce rabin abin da muke kira gajiyar ido, kuma ba gilashin da ke maganinta. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta ce mutum yakan ƙifta ido kamar sau 15 a minti, amma a gaban kwamfuta sai ya koma 5 zuwa 7. Ka haɗa wannan da iskar hunturu da ƙurarta, ko fankar da ka saita tana dukan fuskarka a watan Afrilu, ba mamaki ido ya yi ja kamar an zuba yashi. Ka juya fankar ta bugi jikinka ta gefe. Likitoci suna ba da shawarar duk minti 20 ka kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. A shagona wannan ba wuya, in na gama shafi sai in ɗaga kai in kalli mai shayin tsallaken titi. Ƙurar da ke kwanciya a gilashi ita ma tana dusashe rubutu. Ka goge da tsumma mai laushi da ka ɗan jiƙa, kada ka fesa ruwa kai tsaye, in za ka rufe shago ka lulluɓe ta.

Tabarau ɗin nan da ake tallatawa wai yana tare shuɗin haske, ni ba na ba kowa shawarar ya kashe kuɗinsa a kai. A 2023 masana na Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, sun tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi a kansa, ba su ga shaidar yana rage gajiyar ido ba. In farin sikirin yana damunka da dare, Windows 10 da 11 suna da Night light kyauta, yana mai da shi ɗan ja-ja. Ka dai tuna ka kashe shi in za ka gyara hoto, in ba haka ba fasfo ɗin mutane zai fito da wani launi daban.

In ka yi duk wannan amma ciwon kai bai bari ba, ko kana ganin biyu-biyu, ko ka haura 40 ka fara nesanta takarda kafin ka karanta, to maganar ta bar hannun monita. Yawancin mutane a wannan shekarun idonsu yake fara kasa ganin kusa, kuma tabarau ne maganinsa. Kada ka shiga kemis ka ce a ba ka maganin jan ido, don wasu masu ɗigawar suna ɗauke da sinadarin da in an daɗe ana sawa yake hawar da matsin cikin ido. A Kano akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, akwai kuma wanda ake kira asibitin Makka. Kafin ka tafi, ka sa yaro ya auna maka da tef daga idonka zuwa sikirin yadda ka saba zama, ka gaya wa likita adadin. Tabarau na karatu ana yin sa ne don tazarar littafi, wajen santimita 40, monita kuwa ta fi haka nisa, in ba ka faɗa ba sai a yi maka wanda zai sa ka riƙa miƙa wuya gaba.